Murhun Tangaran na Gidan Mahlon

"Ɗaga naki ɓangaren mana, Sovilla! Ke kam ko kujera aka ce ki ɗauka sai kin yi nishi."

"Ni dai ban taɓa ganin inda ake shirin baƙo ana ɓoye teburi ba," in ji Sovilla tana haki. "Sai a gidanki."

Teburin katako ne mai nauyin tsiya, wanda yake zaune ƙarƙashin bishiyar tuffa tun yara suna ƙanana. Su biyu suka kinkime shi, tsofaffin mata da fararen huluna, suka ratsa tsakar gida kaji na watsewa a gabansu, har cikin bargar dawaki. Saloma ta tura shi bayan damman ciyawa, ta jawo tsohon bargon doki ta lulluɓe. Ƙaramin teburin baranda kuwa tun da safe ta jibge shi da kwalaben tumatir, yadda duk mai son taɓa shi sai ya ci wuya.

"In Mahlon ya tambaya fa?"

"Sai in ce yana barga."

"In ya ce me ya kai shi barga?"

"Sai in ce ni da ke."

"A'a, cire ni. Ni 'yar rakiya ce."

Sovilla ƙanwar Saloma ce. Ba ta taɓa aure ba, tana zaune a ɗan gidan da ke manne da nasu, kuma bakinta bai san hutu ba. Amma yau ko ita ta san ba ranar wasa ba ce, domin Atlee, autan Saloma, zai zo cin abincin yamma.

A wajenmu, wanda ya durƙusa aka yi masa baftisma sannan ya juya baya, ware shi ake yi. Ana gaisawa da shi, in ya shiga wahala ana taimakonsa, amma ba a cin abinci teburi ɗaya da shi, ba a kuma karɓar komai daga hannunsa. Atlee ya yi baftisma da kaka, bazara na zagayowa ya sayi mota, abin da aka hana a wajenmu, ya koma garin Wooster yana aikin kafinta. Abin da ya ƙara wa lamarin ɗaci, ubansa Mahlon shi ne dikon, wato mai taimaka wa bishop a ikilisiya, kuma dikon ake aika wa mai laifi da saƙon hukunci. Da ƙafarsa ya je, da bakinsa ya faɗa wa ɗansa.

Zuwan Atlee na ƙarshe shi ne ranar da aka binne kakarsa. Aka kafa masa ɗan teburi kusa da ƙofa, faranti ɗaya, kujera ɗaya. Ya tsaya ya kalle shi, ya juya ya fita. Saloma ta bi shi har bakin mota.

"Mam," ya ce, "ban ce ku karya dokarku ba. Amma in dai teburin nan ne, kada ki ƙara kirana."

Shekaru suka yi ta wucewa, ita ba ta kira ba, shi bai zo ba. Kewarsa ta cinye ta. Ta rame, ta daina waƙa in tana wanki, kuma duk motar da ta rage gudu a bakin hanya sai ta leƙa taga.

Ana nan sai murhun tangaran ya shigo gari. Crist Raber mai kantin kayan ƙarfe ne ya fara kawo su, manya kamar randa mai murfi, masu nauyin da sai maza uku sun ɗauka. Ba wayar lantarki, ba gas, gawayi kawai, kuma ɗan kaɗan ya isa wuni guda. Mata suka gane za su iya gasa burodi a waje da rani maimakon su dahu a gaban murhun itace, sai aka yi ca a kai. Bishop Mose Erb ya daɗe yana zagaya wanda aka kai masa, ya ƙwanƙwasa, ya leƙa ciki, ya ce bai ga aibu ba, amma ban da ja da duk wani launi mai kiran ido. Baƙi ko ruwan ƙasa, shi ke nan.

A gidan wata maƙwabciya Saloma ta fara ganin yadda ake cin abincinsa. Kowa ya ɗauki farantinsa, ya je bakin murhu ya cako abin da yake so da kansa, wani ya zauna kan ciyawa, wani kan matakalar baranda, wani a tsaye. Ba teburi. Ba mai miƙa wa wani komai. Ta tsaya da kaza a hannu ta manta da ci. Daga ranar ta tasa Mahlon gaba, wai zafin kicin yana sa ta jiri. Gaskiya ne yana sa ta jiri, sai dai ba ita ce gaskiyar duka ba. Da murhun ya iso ta koyi halinsa tsaf, sannan ta taka har rumfar wayar da ke bakin hanya ta kira Wooster.

"Ba teburin kowa, Atlee. Na yi maka alkawari."

Ya ce zai zo ranar Asabar.

Yau ce Asabar ɗin. Da la'asar Saloma ta hura gawayi, ta jera kaji uku da ta yanka ta jiƙa da gishiri da ruwan tsami tun jiya, ta rufe murfi. Ƙamshi ya fara bin tsakar gida. A lokacin ne keken dokin Mahlon ya shigo daga kasuwar gwanjon kayan lambu. Ya kwance doki, ya shiga barga da shi, ya daɗe bai fito ba. Sovilla ta dubi yayarta.

"To, an gano gawar."

Ya fito yana kaɗe ciyawa daga wando. Dogon mutum ne, mai farin gemu har ƙirji, ba ya ɗaga murya, kuma wannan ne ya sa rigima da shi take da wuya.

"Saloma, teburinmu sanyi yake ji da aka lulluɓe shi?"

"A waje za mu ci. Kowa da farantinsa."

"Na gane." Ya cire malafarsa ya share goshi. "Ashe jirin ke nan."

"Jirin gaskiya ne."

"Ban ce ƙarya ba ne."

"Mahlon, teburi aka ce. Ba wanda ya ce komai a kan ciyawa ko matakala. Je ka tambayi Mose."

"Ba sai na tambayi Mose ba. Ni da ke mun san abin da ake nufi." Ya dubi murhun da wani irin kallo, kamar shi ya ci amanarsa. "Watan jiya ni na je gidan Roman Mast na ce musu su raba wa 'yarsu wurin ci. Matarsa tana kuka na faɗa, na fito. Gobe Lahadi da wane ido zan dube ta, in aka ce dikon ya samo wa nasa ɗan dabara?"

"Ka dube ta da idon uba."

"Ina son yaron nan, Saloma. Kada ki mai da ni wanda ba ya sonsa. Don ya ji zafi ya dawo aka yi dokar, ba don a wulaƙanta shi ba."

"To ya dawo? Duk shekarun nan, ka ga ya dawo?"

Mahlon ya juya. Ya hau baranda ya fara sauke kwalaben tumatir ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yana jera su jikin bango. Ya sauko da ƙaramin teburin. Ya koma barga, suka ji yana jan babban shi kaɗai, ƙafafunsa na kartar ƙasa. Sovilla ta naɗe hannu ta ce ita bayanta ya riƙe. Saloma kuwa da ta ga jijiyar wuyansa ta tashi, mutumin da likita ya hana ɗaukar nauyi, sai ta tsinci kanta ta kama ɗaya ɓangaren. Takaici ya cika ta har wuya, tana taya shi rusa abin da ta kwashe rani tana ginawa.

Ya jera teburan biyu ƙarƙashin bishiya, ya matso da su kusa da kusa, ya sa tafin hannunsa a tsakani ya auna.

"Iyakar abin da zan iya ke nan. Ki shimfiɗa mayafi ɗaya a kan duka biyun, wasu gidajen haka suke yi. Ba zai lura ba."

"Kafinta ne fa," in ji Saloma. "Ɗanka ne. Daga bakin hanya zai gane."

Ta shimfiɗa mayafin duk da haka. Tsakiyarsa ya ɗan lotsa inda ratar take. Kitsen kaji ya fara ɗiga kan gawayi, hayaƙi ya yi kauri, sai ta je ta toshe kafofin iskar murhun, ta sama da ta ƙasa, don wutar ta lafa.

Motar Atlee ta tsaya can bakin hanya, bai shigo da ita ba saboda girmamawa. Ya taho da ƙafa, da gajeren aski irin na mutanen gari da riga mai layi-layi. Ya yi ƙiba kaɗan, kuma furfura ta fara taɓa gefen kansa, abin da Saloma ba ta shirya gani ba. Ta tare shi a tsakiyar fili ta riƙe hannun rigarsa.

"Mam, kin tsufa."

"Kai ma ka ji da kanka."

"Kai, autan Saloma!" in ji Sovilla daga baranda. "Wannan tumbin fa? Matan gari ba su iya girki ba aka ce mana."

"Gwaggo, bakin nan yana nan ashe."

"Ina zai je?"

Ya yi dariya, ya juya wajen ubansa. "Dat."

"Atlee. Ka zo lafiya?"

"Lafiya lau."

Sai idonsa ya sauka ƙarƙashin bishiya. Dariyar ta ɗauke. Ya taka a hankali, ya ɗora yatsa ɗaya a tsakiyar mayafin ya danna, yatsan ya nutse cikin ratar. Bai yi fushi ba, kuma da ya yi da ya fi wa Saloma sauƙi.

"Mam, kin ce."

"Na ce. Atlee, tsaya ka ji..."

"Ba komai. Na ga lafiyarku, ya isa." Ya sa hannu a aljihu, makullan mota suka yi ƙara.

Mahlon ya kasa kallon ɗansa, ya kasa kallon matarsa. Mutum ne da in magana ta fi ƙarfinsa sai ya nemi aikin hannu. Ya ce, "Bari in duba kazar nan kada ta ƙone," ya nufi murhun da bai taɓa taɓawa ba tun da aka kawo shi. Duk macen da ke da irinsa ta san in ya yi zafi kuma an toshe masa iska, ɗaga murfin ake yi kaɗan, a bari ya numfasa, a sake, sannan a buɗe. Mahlon ya sunkuya da gemunsa a gaba kamar mai leƙa tukunyar miya, ya kama mariƙin.

"Mahlon, a hankali!"

"Dat, kada ka..."

Ya wangale shi gaba ɗaya. Wuta ta yi buf, ta taso shuɗiya har sama da kansa. Gemun ya kama, bakin malafar ya kama. Ya ja da baya yana kaɗe-kaɗe, ƙafarsa ta harɗe, ya zube kan ciyawa. Kafin Saloma ta gama ihu Atlee ya isa. Ya fizge malafar ya jefar, ya dinga damƙe gemun da tafukansa yana murje wutar, sannan ya miƙe ya kama murfin ta wajen ƙarfen da ke zagaye da shi, inda hannu ya fara kaiwa, ya danna shi ya rufe.

Ƙaurin gashi ya cika wurin. Mahlon yana zaune a ƙasa yana numfashi sama-sama. Rabin gemun na dama ya tafi, girar ma haka, amma fatar ja kawai ta yi. Ya shafa fuskarsa yana lalube.

"Tabarau na. Ina tabarau na?"

Atlee ya gano shi cikin ciyawa. Ya ɗauko da bakin yatsu, ya miƙa wa ubansa, Mahlon ma ya miƙo hannu. Saura kaɗan su haɗu sai Atlee ya tuna. Ya janye, ya durƙusa ya ajiye tabarau ɗin a ƙasa kusa da gwiwar uban, yadda zai ɗauka da kansa ba tare da ya karɓa daga hannunsa ba.

Mahlon ya ɗauka ya saka. Abin da ya fara gani shi ne tafukan ɗansa, sun yi fari, fatar ta fara tashi.

"Wayyo Ubangiji," in ji Saloma. "Sovilla, man ƙuna! Yana kan kanta. Ki sa ruwan zafi ki yausasa ganyen nan."

Suka zaunar da shi kan matakalar baranda. Ta tsoma hannuwan cikin bokitin ruwan rijiya har zogin ya ɗan sauka, ta shafe su da man zuma mai kauri da muke ajiyewa don ƙuna, ta lulluɓe da faffaɗan ganye, ta naɗe da farin ƙyalle. Tana yi hawaye na ɗiga kan aikin, ba ta damu ta share ba. Atlee ya cije leɓe.

"In gobe ya yi muni sai asibiti," ta ce. "Ban yarda da gardama ba."

"To, Mam."

Sovilla ta dubi Mahlon, wanda har yanzu yake tsaye inda ya tashi. Ta yi ƙoƙarin riƙe bakinta, ya gagara.

"Mahlon, ta hagu dikon, ta dama saurayi. Gobe a coci sai ka zaɓi ɓangaren da za ka zauna."

Ba wanda ya yi dariya sai Atlee, wata 'yar gajeruwa da ta ƙare da nishi. Ya miƙe tsaye, ya kai hannu aljihu, naɗin ya ƙi shiga.

"Gwaggo, ciro mini makullan nan."

"Da me za ka riƙe sitiyarin, da haƙori?"

"Zan lallaɓa."

Saloma ba ta roƙe shi ba. Ta riga ta yi alkawari ta saɓa, ba ta da bakin roƙo. Ta zauna da sauran ƙyallen a cinya, zuciyarta ta gama karaya.

Mahlon ya motsa. Ya ɗauki faranti daga kan mayafin ya koma bakin murhun. Ya dubi matarsa.

"Yaya ake yi?"

"Ɗaga kaɗan," ta ce da dasasshiyar murya. "Dakata. Sake. To, buɗe."

Ya buɗe. Gefen kajin ya yi baƙi, amma sun gasu. Ya cako cinya da ƙirji, ya zuba dakakken dankali a gefe. Sovilla ta matso kunnen yayarta.

"In ya ɗora a ƙaramin teburin nan, ni da kaina zan ƙone masa ɗaya rabin."

Ya zo daidai teburan ya ɗan tsaya. Sannan ya wuce su. Ya zo ya zauna kan matakala, gwiwoyinsa na ƙara, ya ɗora farantin a cinyarsa.

"Zauna, Atlee."

"Dat, tafiya zan yi."

"Da waɗannan hannuwan ba ka tuƙi yau. Gobe ma ban gani ba. Zauna."

Atlee ya zauna, a ɗarare, can ƙarshen matakalar. Mahlon ya sunkuyar da kai don addu'a, duk suka sunkuyar. A gidan nan sai ya yi gyaran murya ake ɗagowa, kuma ranar ya daɗe bai yi ba. Da ya ɗago sai ya ɓare baƙar fatar, ya yago tsoka da yatsunsa, ya kai bakin ɗansa.

Atlee ya kau da kai. "Ni ba yaro ba ne."

"Na sani."

"Ana ganinmu daga hanya, Dat. Ga keken su Roman Mast can yana tahowa."

Da gaske ne, ana jin kofaton doki a kan kwalta. Mahlon bai waiwaya ba.

"Karɓa aka hana ni, ba a hana ni bayarwa ba. Sauran kuma gobe zan faɗa wa Mose da bakina kafin wani ya faɗa masa. In ya ce laifi ne, in durƙusa gaban jama'a in amsa." Ya sake miƙa tsokar. "Matso. Hannuna ba ya kaiwa."

Keken ya rage gudu a bakin ƙofa, kamar yadda kowa yake yi in ya ga mota a gidan dikon. Saloma ta ga farar hular matar Roman ta leƙo. Atlee ya dubi uwarsa, ya dubi hanya, sannan ya matso har kafaɗarsa ta taɓa ta ubansa, ya buɗe baki.

Ya daɗe yana taunawa, idanunsa a ƙasa.

"Gishiri ya yi yawa?" in ji Mahlon.

"A'a, Dat."

"Ya yi yawa. Uwarka kullum haka take yi."

Ya juya cinyar kazar yana neman inda bai ƙone ba, ya yago, ya hura don ta huce.